Abin Da Tafinta Bai Fassara Ba

Ƙarya iri-iri ce, amma wadda na fi tsana ita ce wadda mutum zai ƙera da hannunsa ya ɗora a bakin wani. Maƙaryaci na yau da kullum yana tsayawa a kan ƙafarsa ya faɗi tasa, in an kama, shi aka kama. Wannan kuwa sai ya laɓe a bayan tsohuwar da ta haife shi, ya ce ita ta ce. Ragwanci ne da cin amana suka haɗu wuri ɗaya. Ga yadda abin ya ƙare wa wani saurayi da kowa ke kira Tafinta.

Shekara biyu cur yana neman Auta, 'yar wani tela mai shago a gaban gidansa. Kowa ya san da maganar, kowa ya gaji da jiran ta.

Ranar da haƙurin Baba, mahaifinta, ya ƙare, ko kansa bai ɗaga daga keken ɗinki ba. Ya kira ta, ta zo ta durƙusa kusa da tarin yadi.

"Auta, ni tela ne. Idan na auna mutum sau biyu bai kawo yadi ba, na san ba ɗinki ya zo yi ba."

"Baba, ba laifinsa ba ne. Mahaifiyarsa ce ba ta yarda ba."

"Na ji. Bara mahaifiyarsa, bana mahaifiyarsa. Ga Makaniki nan a ƙarshen layi, sau uku yana turo wansa wurina. Hannunsa baƙi da mai, amma maganarsa ɗaya ce. Ba zan tilasta miki shi ba. Ban yi wa yayarki ba, ba zan fara a kanki ba. Amma ba zan zuba ido wani ya mayar da ke kayan ajiya ba."

Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta. Ta share da gefen mayafi.

"Ka ba ni wata takwas, Baba."

"Wata takwas na me? Gini za ki yi?"

"Zan yi magana da ita."

Baba ya tsayar da keken. "Da wane bakin? Ba ta jin naki, ba kya jin nata."

"Shi ya sa na ce wata takwas."

Ya daɗe yana kallon ta. Tun da uwarta ta rasu tana 'yar shekara tara, bai taɓa iya ce mata a'a sau biyu a jere ba.

"Takwas," in ji shi. "Ban ce tara ba."

* * *

Tafinta ba ɗan ƙasa ba ne. Daga wata ƙasa mai nisa ya zo karatu, ya zauna, harshenmu ya kwanta a bakinsa har ba ka ce baƙo ne ba. Wani kamfani mai shigo da kaya daga ƙasarsu ya ɗauke shi aiki. Shi ke zama tsakanin Manaja da fataken can, ya kai magana ya dawo da magana.

Yana alfahari da aikin. Ranar da ya fara gaida Baba ma sai da ya ce, "Mu tafintoci ba mu da bakin kanmu, Baba. Abin da ya shiga kunne shi ke fita, ba ƙari ba ragi."

Da mahaifinsa ya rasu sai ya je ya ɗauko mahaifiyarsa, Tsohuwa. Ya sa ta a ɗaki biyu a saman bene, ga kujera a bakin taga, ga kwandon zare, ga 'yar rediyo. Ba ta jin ko "zo in kashe ka" a harshenmu. Duniyarta duka ta bakin ɗanta take shiga, ta bakinsa take fita.

Sau uku kacal ya taɓa kai Auta ta gaishe ta. Kowane zuwa Tsohuwa takan riƙe hannun yarinyar ta yi ta magana, doguwa, murya a sanyaye, idonta na sheƙi. Idan ta yi shiru sai ya juyo ya ce, "Ta ce sannu da zuwa."

"Duk wannan maganar sannu da zuwa ce kawai?"

"Haka yarenmu yake. Dogon zagaye gare shi."

A hanyar komawa ne yake sauke mata sauran. Wai Tsohuwa ta ce ba laifin Auta, amma ita 'yar ƙanwarta ta can gida take so ya aura. Wai farin gyalen da take saƙawa ma na waccan ne. Sai ya dafe kai, ya ce shi ma ba ya barci, ta ƙara masa lokaci yana lallashi.

Ta taɓa ce masa, "To koya mini yaren mana, in roƙe ta da kaina."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Autar Baba, harshenki zai karye. Kuma tsofaffinmu ba sa son baƙo ya kwaikwayi maganarsu, sai ta ɗauka ba'a kike mata. Ki bar mini wannan."

Ta bar masa, a baki. Shi ya sa da ta ƙulla niyyarta ba ta gaya masa ba. A ranta tana ganin ranar da za ta buɗe baki ya yi mamaki, ya yi murna, ya ce ashe haka kike so na.

* * *

Auta ta gama makaranta, aiki bai samu ba. Da ta share gida ta dafa na rana ta kai wa Baba shago, daga azahar zuwa la'asar ba ta da abin yi. A da barci take yi, ko ta yi ta latsa waya tana kallon rayuwar wasu. Yanzu ta nemo darasin yaren a wayar, ta sayi littafin rubutu mai bango ja, ta zauna a kan tabarma a ƙofar ɗaki.

Wata mata ce ke magana a cikin wayar, a hankali. Ta faɗa, Auta ta maimaita. Ta faɗa, Auta ta maimaita. Satin farko kuka ta yi sau biyu, don akwai wani sauti da ke fitowa daga maƙogwaro wanda in ta gwada sai ta ƙware.

Sai ta yanka takardu ƙanana, ta rubuta sunan kowane abu da yaren, ta manna masa. Ƙofa ta samu takarda, taga ta samu, buta, tsintsiya, madubi, tulun ruwa. Wata safiya Baba ya buɗe shago ya tarar da takarda a goshin kekensa.

"Auta. Shekara talatin ina tare da keken nan, yau aka canza masa suna ban sani ba?"

"Ka yi haƙuri, Baba, in cire?"

"Bar shi. Me aka ce sunansa?"

Ta faɗa. Ya gwada, ya kasa, ya yi tsaki. Amma bayan wata biyu, in yana neman almakashi, da yaren Tsohuwa yake kiran sa, ya ce don ya fi gajarta.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ga Tsohuwa da saƙa take wuni, sai ta sayi zare da allurar saƙa, ta koya ita ma a wayar. Ta ce in baki ya gaza, hannu zai taya. Ta saƙa, ta warware, ta sake. Abin farko da ta gama, ta ce safa ce, Baba ya ce shi dai jakar goro ya gani.

Yaya, babbar 'yar Baba da ke aure a wata unguwa, ta zo wata rana ta tarar da ita tana gaida bango.

"Inna lillahi. Baba, autarka ta fara magana da gini."

"Gaisuwar surukai nake koya, Yaya."

"Surukan da ba sa son ki?" Yaya ta zauna, ta cire takarda daga jikin buta ta duba ta mayar. Sai ta sassauta murya. "Zan gaya miki wani abu, in kin ga dama ki ji haushina. Maigidana ya ga mutumin naki sau biyu a motar 'yar Manajansu. Shi a gaba, ita ke tuƙi. Suna dariya."

"Aiki ne ya haɗa su."

"Aikin dariya?"

"Yaya, don Allah." Auta ta kamo hannunta. "Kowa ya ce in bar shi. Ke ma? Idan na bar shi ban ji daga bakinta ba, har in mutu zan riƙa cewa da na gwada. Matar nan in ta riƙe hannuna, wallahi hannun Innarmu nake ji. Ban san me take cewa ba, amma ba haka mai ƙin mutum ke riƙe shi ba."

Yaya ta dube ta. Ita ce ta san yadda yarinyar ta yi shekara tana kwana da zanen uwarsu a ƙirji.

"To ci gaba da gaida bangon," in ji ta, tana goge ido. "Amma ranar zuwa, da ni za a je."

Makaniki kuwa bai taɓa takura mata ba. Sau ɗaya ya shigo gyara wa Baba janareta, ya ga takardu ko'ina, ya tambaya, aka gaya masa gaskiya. Ya goge hannunsa da tsumma ya daɗe yana gogewa.

"Wanda aka yi wa wannan wahalar ya ji daɗi," in ji shi. "Allah ya sa ya sani."

Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya fita.

Wata na shida, Auta ta fara fahimtar matar cikin waya kafin ta gama jimla. Wata na bakwai, ta yi mafarki da yaren. Wata na takwas ya kama, littafin ja ya cika, ta shiga na biyu.

Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, ta kira Tafinta.

"Ka kai ni wurin Mama gobe. Zan roƙe ta karo na ƙarshe. In ta ce a'a, na haƙura, ba za ka sake jin kukana ba."

Sai ya ce to, kuma ta ji muryarsa kamar ta wanda aka sauke wa kaya.

* * *

Da la'asar suka hau benen, ita da Yaya, shi yana gaba da mukulli. Tsohuwa na bakin taga, farin gyalen a cinyarta, ya kusa kai ƙasa. Da ta ga Auta sai ta ajiye allura ta miƙo hannu biyu.

Auta ta durƙusa. Ta shirya gaisuwar da ta yi wa bango sau dubu, amma harshenta ya manne. Ta ce a ranta bari in saurara tukuna, in ji ko kunnena zai ɗauka.

Tsohuwa ta fara magana. Ba duka Auta ta kama ba, maganar mutum ba ta matar waya ba ce. Amma tsohuwa ce, a hankali take yi, kuma kalmomin na gida ne, irin waɗanda ke manne a bangon ɗakinta.

"'Yata ta rame," in ji Tsohuwa a yarenta. "Ka tambaye ta me na yi musu. In zamana a gidan ne damuwa, zan koma ƙasarmu, ba komai. Kada ku rabu saboda ni. Gyalen nan ya kusa ƙarewa. Nata ne, ko ta zo gidan nan ko ba ta zo ba."

Auta ta ji 'yata. Ta ji zan koma. Ta ji nata ne. Wani sanyi ya ratsa ta, ta ɗaga kai da murmushi tana jiran ya faɗa.

Tafinta ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi.

"Ta ce ki yi haƙuri. Ta riga ta yi wa ƙanwarta alkawari, ba za ta saɓa ba. Gyalen ma ta ce sati mai zuwa za ta aika can."

Murmushin ya daskare a fuskarta. Ta ce a ranta, ni ce ban iya ba. Wata takwas me zai yi? Ni ce na ji ba daidai ba. Shi aikinsa ne.

Ta dubi Tafinta. "Gaya mata ba ni da uwa. Gaya mata zan riƙe ta kamar wadda ta haife ni. Zan wanke mata, zan dafa mata, ba zan taɓa raba ta da ɗanta ba."

Ya juya wurin mahaifiyarsa. Muryarsa ba ta ko girgiza ba.

"Ta ce maganarsu tana nan. Ba za ta zauna gida ɗaya da baƙuwa ba. Mahaifinta ma ya ce haka."

Gida. Ɗaya. Baƙuwa. Uba. Duka huɗun suna cikin shafin farko na littafin ja.

Tsohuwa ta saki hannun Auta a hankali, ta ɗora nata a kan gyalen. Ba ta yi kuka da sauti ba. Haɓarta ce kawai ke rawa.

Yaya, da ba ta ji komai ba, ta taɓa kafaɗar ƙanwarta. "Tashi mu tafi. Kin yi iya yinki."

Auta ba ta tashi ba. Ta matsa ta kamo hannun da aka janye, ta buɗe baki.

* * *

"Uwa," in ji ta a yaren Tsohuwa, kalma na tuntuɓe da kalma. "Ni ban ce haka ba. Babana bai ce haka ba. Ni ba uwa. Uwata ta mutu. Ke uwa. Ina son gida ɗaya."

Mukullin da ke hannun Tafinta ya faɗi ƙasa.

Tsohuwa ta ƙura mata ido kamar an ce ga mijinta ya dawo. Sai ta sa hannu a ƙarƙashin zaren da ke kwando, ta zaro wani ɗan littafi da ya sha lanƙwasa. Ta buɗe, ta bi layi da yatsa, ta ɗago. Da harshenmu ta yi magana, a karkace, kamar yaro mai koyon tafiya.

"Ke... ba ki ƙi ni ba?"

Ashe ita ma shekara guda ke nan tana zaune da rediyon nan, tana tsintar kalma ɗaya-ɗaya tana rubutawa da rubutunsu, tana sauraron matan ƙasan bene ta taga. So take wata rana ta sauka benen da ƙafarta, ta nemi shagon tela, ta roƙe shi ya ba ɗanta 'yarsa.

Mata biyu, kowace a ɗakinta, kowace da littafinta, kowace tana koyon yadda za ta roƙi wadda ba ta taɓa ƙin ta ba.

Suka rungume juna suka fashe da kuka. Yaya ta tsaya baki buɗe. "Wai me ke faruwa? Auta, me ta ce?"

Auta ta ɗago fuska jiƙe. Ba Yaya ta kalla ba.

"Malam Tafinta. Ba ƙari ba ragi, ko?"

"Auta, ba ki gane ba ne. Yaren yana da..."

"Dogon zagaye. Na sani. Wata takwas ina bin zagayen, ban ga inda 'yata ta koma 'yar ƙanwata ba. Akwai ma 'yar ƙanwar?"

Tsohuwa ta tambaye ta me ta ce, ta fassara mata da ƙyar. Tsohuwa ta ɗaga yatsu uku. Ƙanwar tata 'ya'ya uku gare ta, duka maza.

"'Yar Manaja ce, ko?" in ji Yaya, da ta fara gano bakin zaren.

Ya zauna a hannun kujera, ya rufe fuska. "Ban yi niyya ba. Da farko ina son ki, wallahi har yanzu ina son ki. Sai wancan al'amarin ya taso. Ban san ko zai yiwu ba, ban so in sake ki in rasa duka. Kuma ban iya kallon idonki in ce miki na fasa ba. Na ga in Mama ce ta ƙi, ba wanda zai ji ciwo sosai."

"Ba wanda zai ji ciwo." Auta ta maimaita a hankali. "Da ka ce mini ka fasa, da na yi kukan wata ɗaya na share ido. Shekara biyu nake kwana ina tambayar Allah me na yi wa matar nan. Na tsaya a gaban Babana na ce ba laifinka ba ne. Na ce wa yayata aiki ne ya haɗa ku. Na bar mutumin kirki tsaye a rana. Ita kuma fa? Ka kawo ta ƙasar da ba ta san kowa ba, kai ne kunnenta, kai ne bakinta, ka ce mata an ƙi ka saboda ita. Ta ce za ta koma don ka ji daɗi. Ka ji ta da kunnenka, ka juya ka ce mini alkawari ta yi wa ƙanwarta."

"Ki yafe mini, Autar Baba."

"Kada ka sake kira na haka. Don kai na koyi yaren nan. Na ce ranar da zan yi magana za ka yi murna." Kuka ya ci ƙarfinta, ta dafe ƙirji. "Ka san kalmar farko da na nema a littafin? Miji. Na rubuta ta, na rasa inda zan manna."

Tsohuwa ba ta bi maganar duka ba, amma ba ta nemi ɗanta ya fassara ba. Ta ɗauki almakashi ta yanke zaren gyalen inda ya tsaya, gefe ɗaya bai kammalu ba. Ta yafa wa Auta a kafaɗa, ta gyara mata shi kamar mai shirya 'ya za ta makaranta.

Sannan ta juya ta yi wa ɗanta magana guda. Auta ta ji ta tsaf.

"Daga yau ba ka sake ɗaukar maganata ka kai wa kowa."

* * *

Da suka isa gida Baba na rufe shago. Ya ga farin gyale, ya ga idanu, ya ajiye kwaɗon. Yaya ce ta ba da labarin. Bai ce na gaya miki ba. Ya shiga ciki ya zauna a gaban keken, ya ɗora yatsa a kan 'yar takardar da ke goshinsa.

"In cire su duka, Baba," in ji Auta. "Ba su da amfani yanzu."

"Wa ya ce? Da ba su ba, da yanzu kina kuka da tsohuwar da ba ta yi miki komai ba, shi yana can da farar riga. Bar su. Abin da kika sa a kanki ba shi ya ba ki ba, ba zai karɓe ba."

Washegari Tafinta ya zo. Baba ya tare shi a bakin shago, bai ba shi kujera ba.

"Ka ce ba ku da bakin kanku. Ashe kai har biyu gare ka. Juya."

Sati uku bayan haka Manaja da matarsa suka hau benen don ganin uwar wanda 'yarsu ke so. Tafinta ya shirya shayi, ya tsaya a tsakiya kamar yadda ya saba. Manaja ya yi gaisuwa, Tafinta ya fassara. Tsohuwa ba ta ko kalle shi ba. Ta zaro ɗan littafinta, ta buɗe shafin ƙarshe, ta karanta abin da ta yi sati uku tana haɗawa daga rediyo.

"Ɗana maƙaryaci ne. A tambayi 'yar tela."

Manaja ɗan kasuwa ne, ya aika aka tambaya. Da ya ji, bai yi dogon tunani ba. Ya ce wanda ya juya magana tsakanin uwarsa da yarinyar da ke son sa, shekara nawa ke nan yana zaune tsakanina da fatake?

Tsohuwa ta nemi a mayar da ita gida wurin ƙanwarta. Ranar tafiya Auta ce ta raka ta tasha da safe, ita ta yi magana da direba, ita ta gyara mata kaya a ƙarƙashin kujera. Ta ba ta safa biyu da ta saƙa, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Tsohuwa ta yi dariya cikin hawaye, ta sa su nan take. Ɗanta na tsaye can gefe riƙe da jaka, ba wadda ta neme shi.

Auta ba ta warke da wuri ba. Ta yi wata huɗu in an ambaci aure sai ta tashi ta bar wurin. Makaniki ya sake turo wansa, ta ce a gaya masa ba yanzu ba, kuma ba ta ce ya jira ba. Aka dawo da amsa cewa shi ba wurin da za shi. Wannan tsakaninsu ne, ban sa baki ba.

Amma na Tafinta zan lissafa, don shi na ɗauko tun farko.

Ya rasa yarinyar da ta yi wata takwas a kan tabarma tana karya harshenta dominsa. Ya rasa 'yar Manaja da motarta. Ya rasa aikin, kuma a sana'ar da jarinta yarda ce, ba kamfanin da ya sake kiran sa. Ya rasa gaisuwar tela da ta duk mutanen layin. Ɗaki biyu na saman bene suna nan, da kujera a bakin taga, da kwandon da ba zare.

Uwarsa tana da rai, tana da lafiya, tana da waya. Duk ranar hutu bayan azahar takan kira, ta yi doguwar hira, rabi da yarenta rabi da namu, ana dariya ana gyara wa juna. Lambar Auta take kira. Shi kuwa in yana son jin ko mahaifiyarsa ta tashi lafiya, sai ya zo ya tsaya a tsallaken shagon tela, yana jiran ya ga ko wani zai ji tausayinsa ya kai masa magana.